Haruffan da Ka Aiko wa Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanena Mu'azu, a Kandi, ko duk inda wannan ta same ka. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri.

Ka yi haƙuri da na dame ka, ka kuma yi haƙuri da na kawo maganar gidanmu inda kowa zai karanta. Ba halina ba ne, kai ma ka sani. Lambarka ta can ta daina shiga tun bayan ƙaramar salla, direban da ka saba ba shi saƙonmu kuma ya ce ya bar bin hanyar Tsamiya ta bakin iyaka. Na san akwai mutanen Bagudo da ke ƙetarawa kowace ranar kasuwa, cikinsu ba za a rasa wanda zai gani ya nuna maka ba. Sauran masu karantawa su ma su yi haƙuri. Ba wani babban labari ba ne, a kan wasan haɗa kalmomin Turanci ne, wanda ake jera haruffa a kan allo. Sai dai wasan na mahaifinmu ne, shi ya sa na zauna rubutu.

Kada gabanka ya faɗi. Baba yana nan, yana cin abinci, yana fita zaure da sandarsa.

Mantuwar da ka san ta fara masa tun kafin rasuwar Inna ce ta ƙaru. Likitan da muka gani a Birnin Kebbi ya ce ciwo ne na tsufa da ke cin tunani a hankali, babu maganin da zai dawo da abin da ya tafi, sai dai a riƙa sa shi yin abin da ya saba kuma yake so. Wani lokaci yakan tambaye ni ko Inna ta dawo daga gidan suna. Jikokinsa duk sun koma "kai" da "ke". Ni kam ba ni da hanyar sanin ko ya manta sunana, tunda 'yar fari ce ni, bai taɓa kiransa ba tun da aka raɗa mini. "Malama" yake ce mini. Da can don tsokana ne. Yanzu ban sani ba.

Amma da zarar an shimfiɗa tabarma bayan la'asar an ɗora allon wasan nan, sai ka ga hedimastan nan da ka sani a da ya dawo. Bayansa ma miƙewa yake yi.

Kai ka fi ni sanin wannan allon. Ni a Kende na tashi wurin Kaka, karatun allo na yi, boko sai da na girma na shiga ajin manya na koyi karanta Hausa. In na zo hutu gida, daga bakin ƙofar ɗakin Inna nake hango ku, kai da shi, jakar haruffa a tsakaninku. Kana zura hannu kana lalube kamar za ka gane harafi da yatsa, yana ce maka ka ɗaga kai sama, ba a leƙe.

Dokoki biyu nake so in tuna maka, don maganata a kansu take.

Ta farko ta allo ce. Duk wanda ya ɗora kalma sai ya faɗi ma'anarta da Hausa. In ya kasa, Baba ya sa yatsa ya ture ta gefe, ko da tana cikin ƙamus. "Kalmar da ba ka san ma'anarta ba aro ta, ba taka ba ta." Ka sha kuka a kan wannan.

Ta biyu ta gida ce. "Wanda anka aika ya sawo abin da ba shi ba, shi ka komawa ya musanyo, ya kawo da hannunai." Ka tuna ranar da Inna ta aike ka sayen lagwanin fitila, ka kawo mai faɗin da ba ya shiga? Hadari ya haɗu, Inna ta ce a bari ita za ta rage shi da almakashi. Baba ya ce a'a. Ka koma kasuwa, ka dawo jiƙe sharkaf, ka miƙa masa sabon lagwani kana huci. Ya karɓa ya duba, ya ce ka canza riga ka zo. Da ka zauna sai ya jera maka haruffa huɗu a tabarma, W da I da C da K, ya ce to ga sunan abin da ka sha ruwa a kansa. Inna ta yi ta dariya har tana share ido. Ni ma ranar na fara riƙe kalmar Turanci.

Abin da ya shiga tsakaninku ranar da ka bar kwalejin horon malamai ka bi motocin kaya, ba na nan, ba zan maimaita abin da ban ji da kunnena ba. Na dai san ya faɗi magana, kai kuma ka tafi da ita. Lokacin rasuwar Inna ka zo, ka sauka gidan Kawu, ka gaishe shi daga bakin zaure cikin mutane. Tun daga nan shinkafa tana zuwa, atamfa tana zuwa, magani yana zuwa, Allah ya saka maka da alheri. Kai ne ba ka zuwa. Shi kuma bai ƙara ambaton sunanka ba, in aka kawo saƙo sai ya ce a kai ciki.

Da na fita takabar maigidana na dawo gida da zama, na tarar kullum bayan la'asar yana shimfiɗa allon shi kaɗai, ya ɗebi haruffa na mutum biyu, ya yi wa wannan gefen ya yi wa wancan. Abokan wasansa na da, wasu sun rasu, wasu ido ya tafi. Na daɗe ina kallo. Sai da na tambayi malaminmu ko da laifi, ya ce in babu caca a ciki kuma ba ya hana salla a kan lokaci to babu laifi, balle don faranta wa mahaifi. Washegari na cire takalmi na zauna a wurinka.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, nan ba a wanke allo a sha." Na ce na sani, Baba. Ya turo mini jaka.

Haka na fara. Ba na rubuta komai, yadda na saba hadda haka nake riƙe su, ina maimaitawa in ina tsince shinkafa. Ƙanana na iya. OX sa ne na noma. AXE gatari. HEN kaza. DEW raɓa. Shi kuma in ya ɗora tasa sai ya gyara zama ya yi bayani kamar yara arba'in ne a gabansa.

"EWE tunkiya ta, ba rago ba. Su ma Turawa sun raba su."

"FORD mashigi na, inda Fulani ka ƙetarar da shanu in gulbi ya janye."

"ADZE gizago na. In ba ki yarda ba tafi wurin Sarkawa masu sassaƙa jirgi ki gani."

"AWL basilla ta, irin ta dukawa. WEAN yaye na, wanga kin fi ni sani."

Na lura kalmomin da ya fi so duk na abubuwan da ke ƙofar gidanmu ne. Ɓuntun shinkafa, ƙaiƙayi, karkiyar shanu, filafilin jirgi, kowanne ya san sunansa. Ya taɓa ce mini Turawan da suka ƙirƙiri kalmomin nan manoma ne da makiyaya, jikokinsu ne suka koma ofis. Ban san gaskiyar wannan ba, yadda ya faɗa na faɗa maka.

Kowane harafi yana da ɗan lamba a gindinsa, shi ne makinsa. Baba ba ya ma dubawa. Kafin in gama ƙirga da yatsu ya faɗi jimla. Mutumin da bai san ko ya karya kumallo ba, amma lissafin nan bai taɓa kuskure masa ba. Ban taɓa cinye shi ba ko sau ɗaya, bai kuma taɓa yi mini sassauci ba.

Daminar bara gulbi ya cika ya shigo unguwarmu, labarin ya kai ka, tunda ka aiko da tabarmi da barguna. Mun kwashe Baba zuwa Kende. Allon yana rataye a ƙusa can sama, bai taɓa ruwa ba. Jakar haruffan ce ke ƙarƙashin gado, ruwa ya tafi da ita. Da muka dawo na bi laka ina tonawa, don ba na iya ganin harafi a ƙasa ana taka shi, ko na wane yare ne. 'Yan kaɗan na tsinto, na wanke na ajiye. Ba su isa wasa ba.

Shi ne na ba direba saƙo a gaya maka. Ba a jima ba ya kawo wata jaka mai igiya, ya ce a Kwatano ka samo, wurin masu kayan gwanjo. Haruffa ne masu kyau, na katako, sun fi na da santsi.

Baba ya jijjiga jakar kusa da kunnensa. Ya tambayi daga ina, na faɗa masa. Sai ya ce in kawo tabarma, alhali ko azahar ba a yi ba.

A ɗiba ta biyu ya ciro W. Ya kai shi kusa da ido, ya nesanta, ya goge tabarau da bakin riga, ya sake dubawa.

"Wanga huɗu na."

Na karɓa na duba. Goma ce a rubuce, ɗaya da sifili, ɓaro-ɓaro. Na ce, Baba, goma aka rubuta.

Ya ce in zazzage jakar duka a faifai. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ya ce W biyu ne, ina ɗayan? Babu, guda ɗaya ne. Ya ɗauki K, ya ce biyar. Goma aka rubuta. Ya ɗauki Y, ya ce huɗu, kuma su ma biyu ne. Goma aka rubuta, kuma ɗaya ne. Ya ce E ta yi yawa, ba haka take ba.

Mu a makarantar allo abin da aka koya mana shi ne, in abin da ke kanka ya saɓa da abin da ke rubuce, kai ne ka yi kuskure, ka koma ga rubutu ka gyara. Ban taɓa ganin inda aka yi akasin haka ba. Ga kuma maganar likita a kunnena, cewa zai riƙa rikita abubuwan da ya sani. Don haka na sassauta murya na ce, Baba, ga shi a rubuce, wataƙila daɗewa ce da ba a yi ba. Ya sake faɗa, na sake nuna masa.

Ya sake duban faifan. Can ya ce, "To. Shi ma ya tahi ke nan. Tattara."

Ban gane girman abin ba sai daga baya. In na shimfiɗa tabarma bayan la'asar sai ya ce yana jin barci. Ya rage fita zaure. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne salla. Mutumin da ya yi shekaru yana jan salla a masallacin unguwa in liman ba ya nan, sai ga shi yana kirana in tsaya kusa in saurari Fatiharsa ko daidai take. Ya sallame ya tambaye ni raka'a nawa ya yi. In na ce huɗu, sai ya ce, "Kin tabbata?" Ya tashi ya sake. Karatunsa daidai yake, Mu'azu, ko wasali bai kauce ba. Yarda da kansa ce ta tafi. Wata rana ina ba shi kunu ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, "Abu guda ni ka tsammanin na riƙe. In wancan ma ƙarya na, mi ya rage?"

Haka muka ci rani, muka yi azumi. Na ɗauka ciwon ne ya kai inda likita ya ce zai kai. Bayan salla na yi ta neman lambarka ba ta shiga.

Cikin matan auren da nake koya wa karatu da hantsi a tsakar gida akwai Mariyama. Ba ka san ta ba, Badendiya ce daga Segbana, can ƙetaren iyaka, aure ya kawo ta nan, ta yi makarantar boko a can kafin ta zo. Rannan na ga jakar ta fara warin ɗanshi, sai na baza haruffan a faifai na sa a rana. Mariyama ta zo da wuri, ta tsuguna kusa da su tana jiran sauran. Ta ɗauki ɗaya ta juya, ta ɗauki wani, sai ta kama dariya.

"Malama, ashe Faransanci kike koyo a ɓoye ba ki gaya mana ba? Da kin yi magana ai da mun yi musaya, ki ba ni Tabaraka in ba ki bonjur."

Na ce wane Faransanci, na Turanci ne, na Baba.

Ta ce ita dai na Turanci ba ta taɓa gani ba, amma waɗannan irin na malaminsu ne na Segbana sak. Ta ɗaga W ta ce a Faransanci wannan baƙo ne, sai ka karanta shafi guda ba ka gamu da shi ba, shi ya sa guda ɗaya ake sawa kuma a ba shi goma, don wanda ya ciro shi ya ɗauko wahala. Haka K, haka Y. E kuwa a ko'ina take, shi ya sa aka cika ta.

Ranar ban san me na koya wa matan nan ba.

Ban je wa Baba da maganar nan take ba. Shaidar mutum ɗaya ce, kuma ita da bakinta ta ce rabin abin ta sani. In na ɗaga masa rai ya zamana ba haka ba ne, ban san yadda zan sake kwantar da shi ba. Sai na yi tambaya, aka ce akwai malamar Turanci a sakandaren 'yan mata da ke koya wa ɗalibai wasan don gasa. Na sa hijabi na je da kaina. Yarinya ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ba, mai ladabi. Na gaya mata abin da ke tafe da ni. Ta buɗe kabad ta ciro jakar makaranta ta zazzage a tebur.

W biyu. Huɗu-huɗu. Y biyu, huɗu-huɗu. K biyar.

Duk abin da ya faɗa, haka yake. Ko ɗaya bai kuskure ba. Na roƙe ta aron jakar na 'yan kwanaki, ta ce ta fi so ta kawo da kanta ta gaida shi.

Na jira safiyar da na ga idonsa a washe, ya sha kunu ya tambayi ko an ba awaki dusa. Malamar ta zo ta durƙusa ta gaishe shi. Ban yi wani bayani ba. Na buɗe tafin hannunsa na sa masa W guda biyu.

Ya daɗe yana kallo.

"Huɗu."

Na ce huɗu, Baba.

"Biyu."

Na ce biyu. Sannan na gaya masa waɗancan na Faransanci ne, daga ƙetare suka zo, lissafinsu daban, shi ne mai gaskiya tun ranar farko.

Na ɗauka zai yi faɗa. Dariya ya yi, irin wadda rabona da ji tun Inna tana da rai, har tari ya sarƙe shi na kawo ruwa. Ya ce, "Ashe Faransawa anka saukar min cikin gida ban sani ba." Da ya huta ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, rubutu ma a riƙa tambaya daga ina ya hito." Na ce na ji, Baba. Na kuma ji ɗin.

A ranar shi da malamar suka yi wasa, ni ina gefe. Ta ɗora wata kalma mai harafi biyu, X da U, ta ci maki da yawa. Ya ce ma'ana? Ta ce ranka ya daɗe, a gasa ba a tambaya, haddace su kawai ake yi, akwai su da yawa irin wannan. Ya sa yatsa ya ture ta gefe, ya ce nan ba gasa ba ce, gidansa ne. Ta ciro waya ta duba, ta ce wai sunan wani ƙaramin kuɗi ne na wata ƙasa mai nisa. Ya mayar mata da haruffan wurinsu da kansa, ya ce, "To, yanzu taki ta." Duk da haka shi ya cinye.

La'asar ɗin ranar ya yi sallarsa bai kira ni ba.

Ba zan ɓoye maka sauran ba, don kada ka ɗauka komai ya koma yadda yake. Watannin da ya yi bai taɓa allon ba sun tafi da wasu abubuwa. Shekaranjiya ya jera YOKE, ya buɗe baki zai faɗi ma'ana, ta ƙi zuwa. Ya dubi bango inda karkiyar shanunmu ta da take jingine, yana nuna ta da hannu, sunan ya ƙi fita. Na ce karkiya, Baba. Ya ce ba ke anka tambaya ba. Ya sa yatsa ya ture kalmarsa gefe, ya ce in yi nawa. Ban taɓa jin nauyin ɗora harafi irin na ranar ba.

Kwanakin da yake a washe suna raguwa. Da kusan kullum ne. Yanzu in an samu yau, gobe sai a hankali.

Jakar makaranta dole ta koma, ɗalibai suna da gasa a gaba. Malamar ta ce tana da mai zuwa Sakkwato, a can ana samu, za ta sa a sayo mana. Ni na yi murna, na gaya wa Baba a gabanta. Ya ce a yi mata godiya, amma a'a. Sannan ya tambaye ni wa ya aiko da waɗancan. Na ce ai na faɗa maka tun ranar, Baba. Ya ce in sake faɗa.

Na ce Mu'azu.

Ya ce, "Mu'azu ya san W biyu na. Ni na koya mai."

Ka ga na rubuta sunan yadda ya fito daga bakinsa. Tun da na dawo gidan nan ban taɓa jin ya furta shi ba sai ranar. Na tsaya da kwano a hannu ban motsa ba, don kada in katse shi. Ya ce a ɗaure jakar Faransawa a rataye a ƙusar zaure, kada kowa ya taɓa. Sannan ya ce, "A hwaɗa mai dokar gidan ga ba ta canza ba. Wanda anka aika ya sawo abin da ba shi ba, shi ka komawa ya musanyo, ya kawo da hannunai."

To, na faɗa maka. Saƙon ke nan, ban ƙara ba ban rage ba.

Ba na tambayarka ko ka buɗe jakar kafin ka saya, ko wani ka sa ya sayo. Kana ƙasar da haruffansu ke nan, ka ga abin da Baba ke so ka yi hanzari ka aiko, ni abin da na gani ke nan. In ana maganar wanda ya nuna masa goma ya ce ya yarda, ni ce. Wannan ya wuce, ya kuma yafe, tunda har ya samu abin tsokanata da shi.

Amma ka san mahaifinka. Ba zai ce ka zo ba, ko da bakinsa zai iya, girman kansa ba zai bari ba. Iyakar abin da zai iya faɗa ke nan, kuma ya faɗa a gaban baƙuwa. Na Turanci ba a can za ka samu ba, sai ka ƙetaro. In ka shigo ta Tsamiya, duk inda za ka nufa sai ka bi ta Bagudo. Ni a ganina ko hannu rabbana ka fara tsayawa ba laifi, ka ɗauki jakar daga ƙusa da kanka ya gani. Musanyar ta biyo baya.

Ba sai ka shirya wata magana ba. Ban ga alamar yana tuna abin da ya faɗa maka ranar nan ba, ko kuma yana tunawa ya zaɓi ya bari, Allah ne masani. Ka zo bayan la'asar, ka cire takalmi, ka zauna a wurinka. Aro nake zaune a kai dama. In ya ce ma'ana, ka faɗa. In shi ya kasa faɗin tasa, kada ka taya shi, ka dubi haruffanka har ya gama.

A ranakun da yake a washe, in na shimfiɗa tabarma sai ya ɗaga kai ya dubi ƙusar zaure ya ce, "Ya musanyo?" Ina ce masa saƙo yana hanya. Ba na son in ci gaba da faɗin haka in ban san ya isa ba. Tsorona kada ranar ta zo da zai dubi jakar nan ya tambaye ni ta mece ce.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta. Allah ya ba Baba sauƙi, ya bar masa Fatiharsa da kalmar shahada har ƙarshe, ko da sauran duk sun tafi. Allah ya tsare ka a kan hanya, ya sa albarka a nemanka, ya shirya maka zuri'a, ya sassauta zuciyarka da tasa. Amin.

Ka gaida matarka da yara. In da hali ka zo da babban, bai taɓa ganin kakansa ba.

Lambata ba ta canza ba. Don Allah in ka karanta ka amsa mini da wuri, ko da kalma ɗaya ce, in san abin da zan ce masa gobe bayan la'asar.

Yayarka,
Habiba
Bagudo